Jirgin ƙasa mai tsananin gudu tsakanin ƙasashe maƙwabta: wa ke cin riba, wa ke biyan bashi?

Duk ranar da shugabannin ƙasashe biyu maƙwabta suka zauna gaban 'yan jarida suka rattaba hannu kan yarjejeniyar shimfiɗa layin dogo na jirgi mai tsananin gudu, abin da ake fara shelantawa ɗaya ne: tafiyar wuni guda za ta koma ta sa'a biyu. Kafin tawada ta bushe, muhawara ta ɓarke. Waɗansu su ce ci gaba ya zo har ƙofar gida, waɗansu su ce an sake ɗaura wa jikoki bashin da ba su ci ba. To shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu a irin wannan aiki? Kuma me ya sa yarjejeniyoyin suka yi yawa a takarda, amma layukan da jirgi ke bi a kansu ba su taka kara sun karya ba?

A ganina gudun jirgin shi ne ɓangare mafi sauƙi a cikin zancen. Injiniyoyi sun daɗe da gamawa da wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne a kan iyakar kanta, da kuma gwamnatoci biyun da ke zaune a ɓangarorinta.

Wane jirgi ake nufi?

Sau da yawa 'yan siyasa da 'yan jarida kan kira duk sabon jirgin ƙasa mai sheƙi da sunan mai tsananin gudu, alhali abin yana da ma'auni. A tsarin da ƙungiyar hukumomin jiragen ƙasa ta duniya da Tarayyar Turai ke amfani da shi, sabon layin da aka gina musamman sai ya ɗauki gudun kilomita 250 a sa'a ko fiye kafin ya shiga wannan sahu. Idan tsohon layi ne aka gyara, ana karɓar wajen kilomita 200. Japan ce ta buɗe fage a 1964 da layin Tokyo zuwa Osaka, Faransa ta biyo baya a 1981 da layin Paris zuwa Lyon. Chaina ba ta shigo ba sai 2008, amma yau layukanta sun haura kilomita 40,000, fiye da na sauran duniya idan aka haɗa. Duk wanda ya hau jirgin Haramain tsakanin Makka da Madina, wanda aka buɗe a 2018, ya ɗanɗana abin da ake magana a kai. A wannan shekarar ce kuma Maroko ta ƙaddamar da Al Boraq, na farko a nahiyar Afirka.

Abin lura shi ne kowanne daga cikin waɗannan a cikin ƙasarsa kaɗai yake. Waɗanda ke tsallaka iyaka kaɗan ne, kuma kusan dukkansu a yammacin Turai.

Ba jirgin ne ke cin kuɗi ba kamar layin. Jirgin da ke gudun kilomita 300 a sa'a ba ya shan kwana mai kaifi, don haka dole layin ya miƙe: in ya tarar da dutse a huda shi, in ya tarar da kwari a ɗora masa gada. Ba a yarda titin mota ko hanyar dabbobi su gitta shi a ƙasa ba, sai dai ta sama ko ta ƙarƙashi, kuma ana killace shi da shinge tun daga farko har ƙarshe. Direba ba ya iya karanta alamar gefen hanya a irin wannan gudu, sai na'ura ta riƙa aiko masa da umarni cikin ɗakin tuƙi. Masu binciken kuɗi na Tarayyar Turai sun duba layuka da dama a 2018, suka tarar kowace kilomita ɗaya ta lashe yuro miliyan 25 a matsakaici. Sun kuma yi amfani da wani ma'auni da ya kamata kowa ya riƙe: layi yana buƙatar fasinja wajen miliyan 9 a shekara kafin a ce ya yi nasara.

Abin da masu goyon baya ke gani

Lokaci ake saya, kuma inda abin ya dace, cinikin yana da kyau ƙwarai. Jirgin sama ya fi gudu, ba shakka, amma filinsa yana bayan gari, sai ka je da wuri, ka bi layin bincike, ka jira kaya bayan sauka, sannan ka sake neman abin hawa zuwa cikin gari. Jirgin ƙasa daga tsakiyar birni yake ɗaukar ka ya sauke ka a tsakiyar wani. Shi ya sa a tazarar kilomita 200 zuwa 800, inda tafiyar ba ta wuce sa'a uku zuwa huɗu ba, yakan ƙwace kasuwa daga hannun jiragen sama. Tsakanin Paris da Brussels tafiyar ba ta kai sa'a ɗaya da rabi ba. Da abin ya kankama, kamfanin Air France ya daina tashi tsakanin biranen biyu a 2001, ya koma saya wa fasinjojinsa kujeru a jirgin ƙasa.

Idan tafiya ta gajarta haka, birane biyu kan fara zama tamkar unguwanni biyu na gari ɗaya. Mutum ya je taro da safe a wata ƙasa ya dawo ya kwana a gidansa. Likita ko malamin jami'a ya yi aiki a can, iyalinsa suna nan. Birnin Lille da ke arewacin Faransa shi ne misalin da aka fi kawowa. Masana'antun saƙa da na kwal da yankin ya dogara a kansu sun durƙushe, sai magajin garin, Pierre Mauroy, wanda ya taɓa zama firaministan ƙasar, ya kafe cewa lallai layin ya ratsa tsakiyar birnin maimakon ya zagaye shi. Ya samu yadda yake so, Lille ta zama mahaɗar Paris da Brussels da Landan, aka gina sabuwar unguwar ofisoshi da kasuwanci a gefen tashar.

Akwai kuma batun hayaƙi. Jirgin da lantarki yake aiki, kuma abin da fasinja ɗaya ke jawowa na gurɓata iska bai kama ƙafar na jirgin sama ba. Sai dai wannan riba da sharaɗinta. Siminti da ƙarfen da ake narkarwa wajen gina ramuka da gadoji su ma hayaƙi ne mai yawa, kuma kujerun da ba kowa a kansu ba za su biya wannan bashi ba. Haka nan lantarkin da aka samo daga ƙona kwal bai zama mai tsabta ba don kawai jirgin ƙasa ne ya sha shi.

Fa'ida ta ƙarshe ba ta shiga lissafin kuɗi: ƙulla zumunci da tsaro. Estoniya da Latbiya da Lituwaniya sun gaji layukan dogo irin na Rasha tun zamanin Tarayyar Sobiyet, masu fuskantar gabas. Layin Rail Baltica mai tsawon kilomita 870 da suke ginawa zuwa Polan nufinsa ya juya fuskarsu yamma, kuma tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 ake ƙara kallon sa a matsayin hanyar kai sojoji da kayan yaƙi.

Rijiya ta bayar, guga ya hana

Nan ne zancen yake. Duk mintin da jirgi ya ceto da gudunsa, jami'in shige da fice zai iya cinye shi da hatiminsa. Layin Paris zuwa Brussels ya yi nasara ne domin ƙasashen biyu suna cikin yankin Schengen, inda aka soke duba fasfo a kan iyaka. Fasinja ba ya ma sanin lokacin da ya bar Faransa sai wayarsa ta sauya layi. Ƙasashen duniya ƙalilan ne suka amince wa juna har haka.

Inda ba a kai ga wannan amana ba, sai an yi dabara. Dubi yadda ake yi a tashar St Pancras ta Landan. Fasinja mai zuwa Paris zai nuna tikiti, a wuce da jakarsa cikin na'urar bincike, a duba fasfonsa na fita Birtaniya, ya yi 'yan taku kaɗan sai ga shi gaban 'yan sandan iyaka na Faransa, sanye da kayan sarkin Faransa, a tsakiyar Landan. Su za su ba shi izinin shiga ƙasarsu tun bai hau jirgi ba. In ya sauka a Paris sai dai ya ɗauki jakarsa ya fita titi, ba mai tambayarsa komai. A Paris ma jami'an Birtaniya ne ke zaune suna yin irin wannan aiki. Dabara ce mai kyau, amma ka lura da abin da take nufi: wata ƙasa ta yarda jami'an wata su yi iko a cikin ƙasarta. Ba da bakin fatar baki ake yin wannan ba, sai an ƙulla yarjejeniya ta musamman an kai ta majalisa. Lokacin da Eurostar, jirgin ƙasan da ke haɗa Landan da biranen Turai ta ramin ƙarƙashin teku, ya fara zuwa Amsterdam kai tsaye daga Landan a 2018, masu dawowa sai sun sauka a Brussels an duba fasfonsu sun sake hawa wani jirgin, domin yarjejeniyar girke jami'an Birtaniya a Holan ba ta kammala ba. Sai a Oktoban 2020 aka warware. Layi a shirye, jirgi a shirye, takarda ta riƙe su shekara biyu da rabi.

A Hong Kong wannan tsari ya tayar da ƙura sosai. Ko da yake yankin na Chaina ne, yana da dokokinsa da iyakarsa daban. Da aka buɗe tashar West Kowloon a 2018, an ware wani sashe a cikinta inda jami'an babban yankin Chaina ke aiki da dokokinsu, lauyoyi da 'yan adawa suka yi ta ƙorafin cewa an ɓula ƙofa a katangar 'yancin yankin.

Ko inda aka daidaita, siyasa na iya dawo da hannun agogo baya. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ya zama dole a riƙa buga wa kowane ɗan Birtaniya hatimi a fasfo. 'Yan daƙiƙoƙi ne a kan mutum ɗaya, amma jirgin Eurostar kujera wajen 900 gare shi, tashoshin kuma tsofaffin gine-gine ne a tsakiyar gari, babu filin ƙara rumfunan bincike. A farkon 2023 kamfanin ya fito ya ce da gangan yake barin ɗaruruwan kujeru ba a sayar ba a jiragen sassafe, don in an cika su layin fasfo ba zai ƙare kafin lokacin tashi ba. Jirgi mai gudun kilomita 300 a sa'a, amma hatimin roba ne ya riƙa yanke masa yawan mutanen da zai ɗauka.

Tsakanin Helsinki ta Finland da St Petersburg ta Rasha wata hanyar aka bi. Jirgin Allegro da aka ƙaddamar a Disambar 2010 ya rage tafiyar daga sa'a biyar da rabi zuwa uku da rabi, kuma wani ɓangare na sirrin shi ne jami'an ƙasashen biyu a cikin jirgin suke duba fasfo yana tafiya, suna bin kujera-kujera. Hanya mafi cin lokaci kuwa ita ce a tsayar da jirgi kowa ya sauko da kayansa a wannan ɓangaren iyaka, a koma ciki, a sake saukowa a wancan ɓangaren. Haka ake yi tsakanin Laos da Chaina. Duk wanda ya ce maka zai gina layin kilomita 300 a sa'a bai kuma faɗa maka yadda za a duba fasfo ba, rabin labari ya ba ka.

Ƙarfe da lantarki ma suna da ƙasarsu

Kowace ƙasa ta gina dogonta ne ba tare da tunanin maƙwabciya ba, wani lokaci ma da gangan. Tazarar da ke tsakanin ƙarafunan dogo biyu a yawancin duniya milimita 1,435 ce, amma tsofaffin layukan Sifaniya da Fotugal 1,668 ne, na Rasha da maƙwabtanta 1,520. Ƙarfin lantarkin ma ya bambanta. Jiragen Thalys da aka ƙera don zirga-zirga tsakanin Faransa da Beljiyam da Holan da Jamus sai da aka sa musu kayan karɓar lantarki iri huɗu da na'urorin sigina iri bakwai. A Faransa da Beljiyam jirgi hagu yake bi, a Jamus da Holan dama. Direba kuma sai ya san dokokin kowace ƙasa ya kuma iya yaren mai ba shi umarni ta rediyo. Duk waɗannan ana magance su, amma da kuɗi da shekaru. Ƙasashen da za su fara daga tushe sun fi sa'a a nan, muddin sun daidaita ma'auni ɗaya kafin kowa ya ba da kwangila.

Kuɗin fa, daga aljihun wa?

Hanyar ƙarƙashin teku da ta haɗa Ingila da Faransa ita ce darasin da ba ya tsufa. Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher da shugaban Faransa François Mitterrand ne suka ƙulla yarjejeniyar a 1986, bisa sharaɗin da Thatcher ta kafe a kai: ba za a taɓa ko kwabo na gwamnati ba, 'yan kasuwa su zuba kuɗinsu. Aka haƙa rami mai tsawon kilomita 50, wajen 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa, aka buɗe a 1994. Kuɗin ginin ya zarce ƙiyasi da kashi 80 cikin 100. An yi hasashen fasinjan jirgin ƙasa kusan miliyan 16 tun a shekarar farko. Waɗanda suka zo a 1995 ba su wuce miliyan 3 ba, kuma ko a 2019, shekara 25 bayan buɗewa, wajen miliyan 11 ne. Kamfanin da ya gina ramin ya yi ta fama da bashi har ya nemi kariyar kotu a 2006, aka yafe masa kaso mai tsoka a 2007. Dubban ƙananan masu hannun jari, yawancinsu Faransawa, sun tafka asara. Yau matafiya suna jin daɗin ramin, kuma ba wanda zai ce a toshe shi. Amma waɗanda suka biya da waɗanda suka mora ba mutane ɗaya ba ne.

Wannan hali na raina kuɗi da kambama fasinja ya zama ruwan dare, kuma ba kuskuren lissafi ba ne kawai. Mai neman a amince da aiki ya san in ya faɗi gaskiyar farashin tun farko ba za a fara ba, in kuwa an fara haƙa ba mai iya tsayarwa. Rail Baltica an ƙiyasta shi a kan yuro biliyan 5.8 a 2017. A 2024 masu binciken kuɗi na ƙasashen uku suka ce zai iya kai biliyan 23.8.

Sai kuma rabon nauyi, wanda layin cikin gida bai san shi ba. A raba da tsawon layi ne, ko da yawan amfanin da kowa zai samu? Ramin da ake haƙawa a ƙarƙashin tsaunukan Alps tsakanin Lyon da Turin tsawonsa kilomita 57.5 ne, kusan 45 daga ciki a Faransa suke, amma bayan an cire gudummawar Tarayyar Turai, Italiya ce ta ɗauki wajen kashi 58 cikin 100 na ragowar, bisa hujjar cewa Faransa na da dogon layi na daban da za ta gina daga Lyon zuwa bakin ramin. Ka iya tunanin yadda 'yan adawar Italiya suka yi da wannan lissafi. An sa hannu kan aikin tun 2001, har yau ana haƙa.

Ga ƙasar da za ta ranto kuɗin daga waje akwai ƙarin tarko: bashi da dala ko yuro ko yuwan, tikiti kuwa da kuɗin gida. Ranar da darajar kuɗin gida ta faɗi, bashin ya kumbura ba tare da an ƙara ko kilomita ɗaya ba. Mai ba da rancen kuma yakan zo da 'yan kwangilarsa da jiragensa da kayan gyaransa, a ɗaure da shi na shekaru aru-aru. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Ina talaka a cikin wannan tafiya?

Gaskiya ɗaya ce: mafi yawan fasinjojin irin wannan jirgi ma'aikatan kamfanoni ne da 'yan yawon buɗe ido da masu hali. Mai ƙaramin ƙarfi yakan zaɓi motar safa ko jirgin sama mai rahusa, ko da zai ɓata wuni. Idan da harajin kowa aka gina layin, to ana karɓa ne daga hannun masu yawa a sauƙaƙa wa kaɗan, sai fa in gwamnati ta sa hannu a farashi. Akwai kuma abin da ba a gani: kuɗin da ya tafi can shi ne wanda ba a kashe a kan jiragen da ke kai ma'aikata aiki kowace safiya ba.

Mutumin da layin ya ratsa gonarsa shi ya fi kowa sanin farashin. Za a biya shi diyya, wataƙila a kan lokaci, wataƙila a'a, amma shingen ya raba gonar biyu, rabin da ke gabansa yana kallo yanzu sai ya yi zagaye mai nisa kafin ya kai gare shi. Jirgin zai wuce ta bayan ɗakinsa da rugugi sau da yawa a rana, ba zai taɓa tsayawa ba, domin kowace tsayawa tana cin mintoci, kuma mintocin ake sayarwa. Mazauna kwarin Susa a Italiya sun shafe fiye da shekara 30 suna zanga-zangar ƙin layin Lyon zuwa Turin a kan irin waɗannan dalilai.

Garuruwan kan iyaka, waɗanda a ko da yaushe ake yi wa alƙawarin za su fi kowa amfana, su ne sau da yawa ake tsallakewa. An gina tashoshin ƙasa da ƙasa a Ashford da Ebbsfleet a kudancin Ingila, mutane suka sayi gidaje, kamfanoni suka buɗe ofisoshi saboda su. Tun da annobar korona ta zo a 2020 Eurostar ya daina tsayawa a can, shekaru suka shuɗe jiragen suna wucewa ta gabansu a guje. Ko garin da ya samu tasha ma ba shi da tabbas. Hanyar da ke kawo baƙi ita ce ke fitar da 'yan gida, kuma babban birni yakan tsotse ƙarami: kamfani ya rufe reshensa, tunda yanzu daga hedikwata ana iya zuwa a dawo a rana ɗaya.

Abin da ya fi damuna a muhawarar shi ne yadda ake haɗa ta da bunƙasa cinikayya ba tare da tambaya ba. Yawancin layukan tsananin gudu ba sa ɗaukar kaya. Taragon kaya yana da nauyi, yana tafiya a hankali, yana tare hanya, yana kuma cin layin. In abin da maƙwabta biyu ke musaya shi ne amfanin gona da ma'adinai da kwantenoni, to abin da suke buƙata layi ne da zai ɗauki mutum da kaya tare. Layin Laos zuwa Chaina da aka buɗe a Disambar 2021 irin wannan ne: kilomita 160 a sa'a ga fasinja, 120 ga kaya. Ana yawan kiransa mai tsananin gudu, amma a ma'auni bai kai ba, kuma wannan ne ya sa ya yi amfani, domin yana kwasar rogo da roba da 'ya'yan itace da ma'adinai zuwa arewa, ga tafiyar da a da ake wuni a mota cikin tsaunuka ta koma 'yan sa'o'i. Duk da haka bai zo a ɓagas ba. Sashen Laos ya ci kusan dala biliyan 6, wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa a shekara, kuma kashi 70 cikin 100 na kamfanin da ke riƙe da layin na ɓangaren Chaina ne.

Gwamnati biyu, zaɓe biyu

Layin cikin gida gwamnati ɗaya ce za ta iya kashe shi. Na tsallaken iyaka biyu ne, kuma aikin da zai ɗauki shekara goma sha biyar zai ga zaɓuɓɓuka da dama a kowane ɓangare. Ga shi kuma kowace ƙasa ta fi son haɗa manyan biranenta, inda ƙuri'u suke, a kan gina layi zuwa bakin iyaka inda rabin masu amfana ba za su taɓa zaɓen ta ba.

Faransa ta gama layinta zuwa bakin ramin teku a 1993. Ingila ba ta kammala nata ba sai 2007, don haka shekara da shekaru jirgin yana sheƙa gudu a ƙasar Faransa, in ya fito ta ɓangaren Ingila sai ya shiga sahun jiragen 'yan zuwa aiki yana jan ciki. A iyakar Faransa da Sifaniya abin ya fi muni. Wani kamfani mai zaman kansa ya gina sashen kilomita 44 tsakanin Perpignan da Figueres, har da rami a ƙarƙashin tsaunukan Pyrenees, ya gama a 2009. Layin da zai haɗa shi da Barcelona bai iso ba sai 2013, na ɓangaren Faransa daga Montpellier kuwa har yanzu ba a gina ba. Jirage suka yi ƙaranci, kuɗin shiga ya gaza, kamfanin ya rushe a 2016, hukumomin dogon ƙasashen biyu suka karɓi ragama. Fotugal ma ta janye daga shirin layin Lisbon zuwa Madrid a 2012 da matsin tattalin arziki ya kama ta.

In an shiga matsala, jirgin ƙasa biyu maraya ne. A lokacin korona Eurostar ya kusa durƙushewa. Birtaniya, wadda ta sayar da kasonta na kashi 40 cikin 100 a 2015, ta ce ai kamfanin na Faransawa ne. A Faransa kuma ana cewa ai hedikwatarsa a Landan take. Sai masu hannun jari da bankuna ne suka haɗa masa fam miliyan 250 a 2021. Allegro kuwa, duk da dabararsa ta duba fasfo cikin tafiya, a Maris na 2022 ya yi zirga-zirgarsa ta ƙarshe, wata guda bayan Rasha ta afka wa Yukren. Daga baya kamfanin jiragen ƙasa na Finland ya karɓe jiragen huɗu don aikin cikin gida.

Idan akwai wurin da lissafi ya nuna layi zai yi kasuwa, to tsakanin Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, da Singafo ne: tazarar kilomita 350, manyan birane biyu masu arziki, jiragen sama sama da 30,000 a shekara suna kai da kawowa tsakaninsu. An sa hannu a Disambar 2016, aka yi alƙawarin tafiyar minti 90, da duba fasfo sau ɗaya a tashar tashi. Singafo, wadda kilomita 15 kacal na layin ke cikinta, ta karɓe wani filin wasan golf mai faɗin hekta 67 a Jurong don gina tasha, ta kashe sama da dalar Singafo miliyan 270 a shirye-shirye. A Mayun 2018 aka yi zaɓe a Malesiya, Mahathir Mohamad ya dawo mulki ya ce ƙasarsa ba za ta iya ɗaukar nauyin ba, alhali kilomita 335 na layin a wuyanta suke. Aka ɗage, aka sake ɗagewa, ranar 1 ga Janairun 2021 yarjejeniyar ta mutu. Malesiya ta biya maƙwabciyarta diyyar dalar Singafo miliyan 102.8 a kan layin da ba a shimfiɗa ko ƙarfe ɗaya nasa ba.

A 2023, ƙarƙashin wata sabuwar gwamnati, Malesiya ta sake kiran kamfanoni su kawo shawarwarin farfaɗo da aikin. Sharaɗin da ta gindaya shi ne 'yan kasuwa su zuba kuɗinsu, gwamnati ba za ta sa nata ba, irin wanda Thatcher ta gindaya a 1986.